Inda Na Binne Mabiyiyar Jikana

Ƙarshen damina ne, gero ya gama fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka a kansa. Shekarar ta yi ruwa sosai, ko'ina ka duba kore shar, amma ba wanda hankalinsa ya kwanta a Zurmi. Gonakin bakin gari kaɗai aka nome yadda ya kamata. Na nesa, ta wajen Dauran, an bar wa ciyawa saboda mutanen daji. In maza suka fita da safe, mu mata sai mu yi ta aiki kunnenmu yana waje, har sai mun ji sallamarsu. Ko daka muke yi, da an ji ƙarar babura da yawa sai taɓarya ta tsaya.

A shekarar ne ɗiyata ta uku take da tsohon ciki a Legas. Sau biyu tana yin ɓari kafin wannan, don haka da ita nake kwana, da ita nake tashi. A wurinmu haihuwar fari gida ake zuwa a yi ta, gaban uwa, a yi wanka a gama sannan a koma ɗaki. Amma likita ya hana ta doguwar tafiya, ga kuma halin da hanyar Ƙaura take ciki. Malam, mai gidana, ya saurari wayar har ƙarshe, ya ajiye, ya ce, "To, tunda ita ba ta zuwa, ke sai ki tahi."

Na ce, "Ni? Ni da ban taɓa wuce Gusau ba?"

Ya ce, "Gusau ɗin ma akwai ranar da kika fara zuwa."

Mijin ɗiyar tawa ɗan Moriki ne. Ubansa falken shanu ne, shi kuwa boko ya yi mai zurfi, har ya samu aiki da wani kamfani mai hulɗa da jiragen ruwa. Yaro ne mai kunya, tun yana zuwa zance ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba. Shi ya aiko da kuɗin hanya. Ƙanena ya raka ni har Sakkwato ya sa ni a jirgi. Ba ni da labarin jirgin da zan bayar, don idona a rufe yake, carbi a hannu, har aka ce mun iso.

Surukina ya tarye ni. A tsakiyar jama'a, da kwat ɗinsa da komai, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, mutane suna ratse mu suna waiwaye. Na shiga bayan mota, muka yi ta tafiya. Muka hau wata gada da na ɗauka ba ta da ƙarshe, ruwa dama ruwa hagu. Da muka sauka sai unguwa ta canza. Hayaniya ta ragu, tituna suka yi faɗi, gine-gine suka miƙe sama. Ya tsaya gaban ɗaya daga cikinsu. Na fito na ɗaga kai don in ga ƙarshensa, na yi ta ɗagawa har mayafina ya zame ta baya, ban gani ba.

A ciki ya kai ni wani ɗan ɗaki mai madubi ta kowane gefe. Na ɗauka zaure ne inda baƙo ke jira, har na sunkuya zan cire takalmi. Ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, bar su, tahiya za mu yi." Ƙofa ta rufe da kanta. Sai na ji cikina ya zube ƙasa, kunnuwana suka toshe. Wasu lambobi masu haske suka fara canzawa a saman ƙofar. Allah Ya saka wa malamar da ta koya mana karatu a ajin manya, don na iya bin su da ido, biyu, uku, huɗu, har suka wuce goma, ɗakin bai tsaya ba. Nan na daina karantawa na koma salati. Wannan shi ne lif.

Da ɗan yatsansa ya buɗe ƙofar gidan, ba makulli. Ɗiyata ta taho tana jan ƙafa ta rungume ni. Allah Ya yafe mini, ban ko dube ta da kyau ba, don abin da ke bayanta ya ɗauke mini ido. Falon ba shi da bango ɗaya. Haka na gani. Sararin sama ne kawai a tsaye, da ruwa a shimfiɗe har inda ido ya gaza. Na damƙe hannunta na ja ta baya, na ce, "Ke, matso nan kar ki faɗa!"

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta je ta ƙwanƙwasa wurin da hannu. Gilashi ne, tun daga daɓe har rufi.

Na daɗe kafin in yarda in matsa kusa da shi. Ranar da na matsa, da rarrafe na ƙarasa, na zauna dirshan. Motoci a ƙasa kamar ƙwari suna bin juna. Jiragen ruwa a tsaye can nesa, kowane ɗaya ya kai unguwa guda, an jibga musu akwatuna ja da shuɗi. Ina cikin kallo sai ga shirwa tana shawagi, amma a ƙarƙashina. Ni da na tsufa ina ɗaga kai ina kore ta daga 'yan tsaki, yau ga ni ina kallon gadon bayanta. Ashe bayanta ya fi cikinta duhu. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Ruwan sama ma daban yake a can. A gida iska ke fara gaya maka, sai ƙamshin ƙasa, sai ka ruga ka kwashe shanya. A nan kuwa tun yana tsakiyar teku kake ganinsa, a tsaye kamar farin labule, yana tahowa a hankali. Ya haɗiye jiragen, ya haɗiye gadar, sannan gajimare ya zo ya jingina da gilashin, ka rasa ganin komai. Ba ƙara, ba ƙamshi, ba yoyo. Na taɓa gilashin na ji sanyi, na ce yau ga ni cikin hadari a zaune, kuma ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Wata rana muna shan kunu na tambayi ɗiyata, "Wanga gida duka na mai gidanki ne?"

Ta ce, "Haba Inna! Haya muke. Wanga ɓangare kaɗai."

"To mai gidan a wane hawa yake? Ya kamata in je in gaishe shi, kar a ce uwarki ta zo ba ta san girman mutane ba."

"Mu ma ba mu taɓa ganin shi ba. An ce yana ƙasar waje. Kuma ba ginin duka ne nashi ba, nan inda muke zaune kaɗai ya saya."

Na yi ta juya maganar. Wato mutum ya sayi wani yanki na iska, tsakanin rufin wani da daɓen wani, ya kuma ba da shi haya, aka samu mai karɓa. A Zurmi in an ce gida, fili ake nufi, a kai ka a nuna maka iyaka, daga wancan icce zuwa wannan dutse. Na ce, "Nawa kuke biya?"

Ta ce, "Inna, in na faɗa miki kunun nan ba ya shawuwa. Sha abinki."

Ta ce sun zaɓi wurin ne don ba a ɗauke wuta, ruwa ba ya yankewa, asibiti yana kusa, kuma ba mai shigowa sai an san da zuwansa. Gaskiya ta faɗa. Ruwan zafi daga bango yake fitowa. Murhu ba wuta ba hayaƙi, wani baƙin faranti ne, ka ɗora tukunya ta tafasa. Shara kuwa akwai wata 'yar ƙofa a bangon waje, ka buɗe ka jefa, ka ji ta tana gangarawa har sautin ya ɓace. Ba ƙuda, ba sauro, ba kukan jaki. Kiran salla ma waya ke yi mana. Maƙwabta kuwa an ce akwai su sama da ƙasa, dama da hagu, amma ban ga kowa ba, ba wanda ya aiko a ba shi gishiri.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne surukuta. A gida akwai zaure, akwai danga, suruki ya tsaya can ya gaishe ka, ka amsa daga nan. A wannan gida kicin da falo da wurin cin abinci duk abu ɗaya ne, ba inda za ka ɓuya. In ya dawo aiki sai ya yi gyaran murya tun daga ƙofa, ni kuwa in tattara kwanona in shige ɗaki. Ya zo bakin ƙofar ya durƙusa a kan tayil. "Inna, an wuni lahiya?" "Lahiya lau, ya aiki?" Shi ke nan. In ina da magana, ɗiyata nake gaya wa ta kai, ko da yana jin mu.

In na gaji da zama sai in leƙa ta baranda. Can ƙasa, a gindin ginin, akwai wani fili mai ciyawa a kwance luf kamar darduma, da itatuwan kwakwa, da furanni a jere. Ɗiyata ta ce na mutanen gidan ne duka. Na ce a raina, to madalla, wannan ita ce tsakar gidansu. Ta koya mini yadda ake kara kati a lif a danna, har na sauka sau ɗaya na taka ciyawar na dawo.

Naƙuda ta zo wa ɗiyata da hantsi, muka kai ta asibiti. Kafin azahar Allah Ya sauke ta lafiya, namiji, mai yawan gashi, da kuka kamar ana bin sa bashi. Na karɓe shi na ce, "Sannu da zuwa, mai gidana. Ka ga yadda ka wahalar da ni, ka sa na hau jirgi? To ka shirya kuɗin cefane." Uwar tana kwance tana murmushi, hawaye yana bin gefen idonta.

Muna nan sai wata nas ta shigo da farar roba mai murfi. Ta yi wa surukina magana da Turanci, ya ɗaga hannu alamar ta tafi da ita. Na sunkuya na tambayi ɗiyata, "Mi ne ne?"

Ta ce a hankali, "Mabiyiya ce. Suna tambaya ko za mu tahi da ita, ko su yi yadda suke yi."

"Yaya suke yi?"

"Ƙonewa suke, Inna."

Na kafa wa robar ido. Mabiyiya ita ce abin da ke biyo jariri bayan ya faɗo, wadda ya zauna da ita tun yana gudan jini. A wurinmu ba shara ba ce. Ungozoma ke wanke ta tas, a haƙa rami a bayan ɗakin mai jego, a shimfiɗa ta, gefen cibiya yana kallon sama, a rufe da kasko, a mayar da ƙasa. Tsofaffinmu sun ce in aka kife ta, ko aka wulaƙanta ta, mace ba ta sake haihuwa. Malam ya sha gaya mini cewa haihuwa ta Allah ce, binnewa dai ita ce daidai don ɓangaren jikin ɗan Adam ne. Na yarda da shi. Amma yarinyar nan sau biyu tana rasa ciki, ba ni ce zan tsaya a gwada maganar tsofaffi a kanta ba.

Na ce, "Ce wa mai gidanki a ba ni."

Ba ta ko buɗe baki ba ya karɓo robar ya ajiye a gabana. Da zai mayar da ni gida don in dama mata kunun kanwa, robar tana kan cinyata har muka isa. Bai tambaye ni abin da zan yi da ita ba, ni ma ban faɗa ba. Wannan ba maganar da suruki da surukuwa ke yi ba ce. Ya sauke ni ya koma asibiti.

Na wanke ta a banɗaki, ruwa bayan ruwa, na naɗe a farin ƙyalle na mayar cikin robar. Bayan la'asar na ɗauki wuƙar kicin da babban cokalin ƙarfe, na kara kati, na sauka. Na zaɓi wani lungu bayan furanni, gindin kwakwa, inda ƙafa ba ta bi. Na yi bisimilla, na yanke ciyawar na ɗaga ta gefe.

Ƙasar baƙa ce mai laushi, irin wadda manomi zai gani ya yi murna. Na yi ta kwasa da cokali. Ban kai zurfin kamu ɗaya ba sai na tarar da wani baƙin ƙyalle a shimfiɗe. Na yanka shi, sai tsakuwa. Na kwashe tsakuwar, sai cokali ya yi ƙara. Siminti. Na ce wataƙila kan wani bututu na faɗa. Na matsa gaba na sake haƙawa. Ƙyalle, tsakuwa, siminti. Na koma wancan gefen, haka. Ina durƙushe ina mamaki sai na ji wani tsss, wasu ƙananan kawunan famfo suka tsiro daga cikin ciyawa, suka fara juyi suna feshi. Kafin in miƙe na jiƙe sharkaf.

A haka masu gadi biyu suka same ni: tsohuwa jiƙaƙƙiya, da wuƙa a hannu, da ramuka uku, da roba a gefe. Ashe akwai kyamara a kan kowane icce. Ɗaya ya ɗaga murfin robar, ya ga ƙyallen da ɗan jini ya ɓata, ya yi tsalle baya yana kiran sunan Allah da yarensu. Cikin maganarsu kalma biyu na tsinta, juju da polis. Ɗayan ya miƙo hannu zai ɗauki robar. Na riga shi. Na zauna a bakin dakali na rungume ta, na ce da Hausa, "Ɗana, ka yi haƙuri, wagga ba ta barin hannuna." Bai ji ba, amma ya gane.

Na ɗaga kai. Maƙwabtan da ban taɓa gani ba, ga su nan baranda bayan baranda har sama, baƙaƙe da farare, wasu da waya a hannu. Ashe gidan cike yake da mutane.

Sai ga wata mata ta fito daga ofis, mai kula da ginin, ba yarinya ba, da kwat da tabarau. Ta dubi ramukan, ta dube ni, fuskarta a ɗaure. Ta buga waya. Ba a jima ba surukina ya iso, ko motar bai gyara wa tsayuwa ba. Ta tare shi da faɗa, tana nuna ciyawa, tana nuna mutanen sama, tana buga bayan hannu a tafi. Daga baya na ji abin da ta ce: cikin sharuɗɗan hayar ba mai taɓa filin nan, maƙwabta sun kira sun ce ana binne asiri, kuma in magana ta kai ga masu ginin, ana iya cewa su tashi. Su tashi da ɗanyen jego, saboda ni.

Shi dai yana tsaye yana ba da haƙuri, gumi yana bin wuyansa. Sannan ya rage murya ya yi mata bayani, ya nuna robar, ya kwatanta jariri da hannuwansa. Na ga fuskarta ta sake. Ta cire tabarau. Ta zo gabana ta ɗan rusuna, ta dafa ƙirji ta ce, "Mama." Ta yi magana mai tsawo.

Surukina ya fassara, idonsa a kan takalminsa. "Ta ce ki yi haƙuri. Ta ce su ma a garinsu binnewa suke, a gindin icce, kuma uwarta ce ta binne na 'ya'yanta duka. Amma ta ce nan ba ya yiwuwa. Wai ki zo ki gani."

Ta kama hannuna kamar ɗiyata. Muka zaga bayan ginin, muka bi wata hanya mai gangarawa cikin ƙasa. Sai ga mu a wani wuri mai faɗi kamar filin idi, fitilu a kunne, ginshiƙai a tsaye, motoci a jere suna sheƙi. Ta kai ni wani gefe ta tsaya, ta nuna rufin da yatsa, ta kwatanta icce da hannunta. Sai na gane. Muna ƙarƙashin kwakwar nan ne. Ciyawar da furannin da itatuwan duk a kan rufin ɗakin motoci suke zaune, an ɗebo ƙasa an zuba musu kamar yadda ake zuba wa tukunyar fure. Abin da na ɗauka tsakar gida ce, ashe shi ma bene ne.

Na ce, "To a nan ƙasan fa, in an fasa simintin?"

Surukina ya tambaye ta, ta yi 'yar dariya ta amsa. Ya ce, "Wai ruwa ne. Unguwar nan duka da teku ce, yashi aka zuba aka cike."

Na jingina da ginshiƙi. Wato tun da na zo ban taka ƙasar Allah ba. Gini a kan rami, rami a kan yashi, yashi a kan ruwa, ga mutane a can sama suna barci suna haihuwa, itatuwa har da 'ya'ya. Tsoro ya kama ni, amma ba irin tsoron babura ba. Irin wanda ke kama mutum in ya tsaya gaban babban gulbi ya cika.

Matar ta ce za ta sa a gyara ciyawar, ta kuma san abin da za ta gaya wa maƙwabta, amma kar a sake. Na gode mata da hannu biyu.

Muka hau sama, ni da shi da robar. Na canza kaya, na yi magariba. Da na fito yana zaune a ƙasa a bakin falo, bai ko cire takalmi ba. Yau ba ɗiyata da za ta kai magana. Na zauna nesa da shi, na juya gefe.

Shi ya fara. "Inna, laifina ne da ban tambaya ba. Amma in kin yarda, in mayar musu da ita asibiti. Kowa a nan haka yake yi, kuma suna haihuwa lahiya."

Na ce, "Na jawo maka magana a gidan mutane, ka yi haƙuri."

"Haba Inna, ba komai."

Ban taɓa yi masa tambaya kai tsaye ba tun da ya auri ɗiyata. Na ce, "Kai taka tana ina?"

Ya ɗago kaɗan. "Tawa?"

"Awo."

Ya sake sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Tana Moriki. Bayan ɗakin Innata, kusa da rumbu. Akwai wani dutse a wurin. Muna yara in mun zauna a kai sai ta kore mu, ta ce mu tashi daga kan 'yan uwanmu." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a rabi.

Fitilun jiragen ruwa sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya a bayan gilashi. Ya zaro waya ya yi ta juya ta a hannu, sannan ya buga. Na ji ya ce, "Baba, barka da yamma. An samu ƙaruwa, namiji." Ƙanen ubansa ne, wanda ya biyo shanu zuwa Agege tun yana saurayi, ya zauna, ya gina gidansa na kansa. Na ji muryar tsohon tana fitowa daga wayar: "Kai, ɗan boko! Sai yanzu ka tuna kana da uba? Ku da kuke kwana a sama kamar jemagu, mi za ku yi da mu na ƙasa?" Surukina ya tashi ya shige ɗaki da wayar, yana magana ƙasa-ƙasa.

Da ya fito ya ce, "Ya ce mu zo da sassafe. Akwai wuri a bayan ɗakin matarsa." Ya je ya kwashe duk abin da ke aljihun ƙasa na firij, ya wanke shi da kansa, ya matsa gefe. Na sa robar, na rufe.

Washegari bayan asuba na ɗauko ta, na naɗe a mayafi, muka sauka. Muka sake haye gadar, gari yana wayewa. Tituna suka fara matsewa, hayaniya ta dawo, ga masu shayi, ga warin kwata da na tumaki, har na fara jin Hausa ta tagar mota. Gidan tsohon ƙarami ne, raguna a ɗaure a tsakar gida, ƙasa ja a fili ba siminti. Maza suka tsaya a waje. Matar gidan, 'yar Shinkafi, ta tarye ni da guɗa, ta ce, "Kakar ango, ina angon?" Na ce, "Yana can yana barci, ya bar ni da aiki."

Ta miƙo mini fartanya. Na sara, ƙasa ta buɗe, na yi ta haƙa har hannuna ya nutse zuwa gwiwa, ban tarar da komai ba sai ƙasa. Na warware ƙyallen, na shimfiɗa ta a hankali, na duba da kyau gefen cibiya yana sama. Matar ta ba ni kasko na kifa a kai. Na mayar da ƙasa na daddanna da tafin hannu, na yi wa yaron da uwarsa addu'a, ta ɗauko dutse muka ɗora.

Na wanke hannu a bakin randa. A gefen katanga akwai iccen dogon yaro, na roƙi matar gidan, ta sa aka karyo mini ganye rungume guda don wankan mai jego. Na ɗaure shi da igiya, na fito na ce wa surukina mu biya gida kafin mu wuce asibiti, kunun yarinyar nan tun jiya ban dama ba.